Yadda ake gane abu ya maƙale wa mai lalurar ƙwaƙwalwa a hanyar abinci, da abin da za a yi

Autanmu ya haura shekara 20, amma kalmomin da yake furtawa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Washegarin wata Babbar Sallah, ana tsakiyar suya, ya ture kwanon abincinsa ya koma bakin rariya ya tsuguna yana tofar da yawu. Inna ta ce fushi yake yi don an hana shi bin yara yawon Sallah. Ni ma na ce haka ne, domin fushin Auta ba baƙo ba ne a gidanmu. Sai bayan la'asar na miƙa masa ruwa a moɗa. Kurɓa ɗaya ya yi, ruwan ya dawo ta baki da hanci, na duba gaban rigarsa na gan shi sharkaf. Ashe tun hantsi ya wawuri tsokar nama daga cikin masaki ya haɗiye ba tauna, ta tsaya masa a ƙirji. Awa bakwai yawunsa na ba mu labari, mu kuwa muna jiran ya faɗa da baki.

An ciro naman a daren, Allah Ya taƙaita. Abin da zan rubuta a nan shi ne abin da na so a ce na sani tun da hantsin ranar.

Bututu biyu ne a wuya

Na gaba shi ne na iska, mai kai numfashi huhu. Na bayansa shi ne na abinci, tsawonsa kamar santimita 25 a jikin babba, yana sauka ta bayan zuciya har tumbi. Wannan na biyun yana da matsatsi a wuri uku: a gindin wuya, da tsakiyar ƙirji inda babbar jijiyar jini da ta fito daga zuciya ta gitta shi, sai can ƙasa dab da bakin tumbi. A nan abu kan tsaya. Ku riƙe zancen jijiyar nan, za mu dawo kansa.

Za ku ji ana cewa cikin abubuwa goma da aka haɗiye bisa kuskure, takwas ko tara sukan bi bahaya su fita da kansu. Gaskiya ne. Amma abin da ya tsaya a hanya ya hana haɗiya ba ya cikin waɗanda ake zuba wa ido.

Masu galahanga, da masu lalurar Daun (wadda ake haihuwar mutum da ita), da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu wajen haihuwa ko bayan shawara ko sanƙarau, sun fi kowa faɗawa wannan hatsari. Wani yana cusa loma kan loma ba ya jira. Wani haƙoransa sun zube, dasashi yake tauna da shi. Wani yana shan magungunan kwantar da hankali irin su haloperidol ko risperidone, waɗanda kan busar da baki su kuma rage ƙarfin haɗiya. Wani kuma yana da ɗabi'ar cin abin da ba abinci ba: tsakuwa, leda, marfin kwalba, tsumma, sabulu. Abin da ya haɗa su duka, wanda kuma ya fi komai muni, shi ne yawancinsu ba za su iya cewa «Yaya, abu ya tsaya mini a nan» ba.

Mataki na farko: yana numfashi?

Kafin komai, wannan. Ba ya buƙatar fiye da daƙiƙa biyar.

Idan yana tari da ƙarfi, ko yana kuka, ko yana fitar da sautin da ya saba, iska na wucewa. Ku bar shi ya yi tarinsa, ku tsaya kusa.

Idan kuwa baki a buɗe amma ba sauti, tarin ba shi da ƙarfi, ido ya firfito, leɓe da harshe sun fara duhu, to abin a hanyar iska yake, kuma mintuna kaɗan gare ku. Ku sa wani ya nemo mota. Ku tsaya a gefensa ta baya, ku tallafe ƙirjinsa da hannu ɗaya, ku sunkuyar da shi gaba sosai, ku doki tsakanin allunan kafaɗarsa da gindin tafin hannu har sau 5, da ƙarfi, ba lallashi ba. In bai fito ba, ku rungumo shi ta baya, ku dunƙule hannu ku ɗora tsakanin cibiya da ƙahon zuci, ku kama da ɗaya hannun, ku fizga ciki da sama sau 5. Ku yi ta musanyawa, biyar da biyar. Wanda ke kan keken marasa lafiya a danne birkin keken tukuna, a durƙusa a bayansa. In hannu ba zai zagaye cikinsa ba, ko mace ce mai juna biyu, a matsa tsakiyar ƙirji maimakon ciki. Jaririn da bai shekara ba ba a matsa masa ciki: a kifa shi a kan hannu kansa na ƙasa, duka 5 a baya, a juyo shi, dannawa 5 a tsakiyar ƙirji. Idan mutum ya sume, a shimfiɗe shi a ƙasa a fara danna tsakiyar ƙirji da sauri, ana leƙa baki lokaci-lokaci. Abin da ido ya gani a fili kaɗai ake cirowa. Ba a lalube da yatsa.

Wannan duka da matsar na hanyar iska ne kawai. Abin da ya tsaya a hanyar abinci ba ya fita da bugun baya ko bugun ƙeya, wahalar da mutum kawai za a yi.

Mataki na biyu: ku karanta jikinsa, tunda baki ba zai faɗa ba

Yana numfashi, alhamdu lillahi. A nan ne gidaje da yawa ke sakin jiki, a nan kuma muka yi namu kuskuren.

Babbar shaida ita ce yawu. Mutum na haɗiyar yawunsa dare da rana ba tare da ya sani ba. Da zarar hanya ta toshe, yawun ba shi da wurin zuwa, sai ya taru ya dawo. Za ku ga yana tofarwa ba ƙaƙƙautawa, ko yana dalala fiye da yadda ya saba, ko yana fitar da farin kumfa mai yauƙi. Na san da yawa daga cikin 'yan'uwan namu da ma masu dalala ne, shi ya sa ake raina alamar. Ma'aunin ba «yana dalala?» ba ne. Ma'aunin shi ne: ya fi jiya? Tawul nawa kuka canja yau?

Sai ƙin abinci na farat ɗaya, musamman abincin da yake so. Wanda ya saba rige-rigen kwano ya kalli fura ya kau da kai, ba banza ba. Wani yana son ci, ya kai baki, ya tauna, sai ya tofar. Wani ya sha ya dawo da shi yadda ya shiga, ba tsamin amai. Ku lura da kakari ba tare da komai ya fito ba, da miƙar da wuya kamar kaza mai shan ruwa, da cusa yatsu a baki, da dukan ƙirji ko yakushin wuya, da ƙin kwanciya. Wani kuma sabon fushi ne kawai za ku gani, ko cizon hannunsa, ko ya yi tsit a lungu alhali mai kai-kawo ne. A yara ƙanana, abin da ya tsaya a saman hanyar abinci yakan danne bututun iska da ke gabansa, yaro ya riƙa shaƙa da ƙara ko tari, a yi ta ba shi maganin asma ko na nimoniya mako da makonni.

Akwai alamun da ke nuna abin ya riga ya huda ko ya fara ruɓar da wurin: zazzaɓi, kumburin wuya, fatar wuya ko saman ƙirji tana ƙaras-ƙaras in an taɓa kamar an murza leda, numfashi sama-sama, jini a yawu ko a amai, baƙin bahaya kamar kwalta. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya daina karatu ya nemi mota.

Kada ku gwada shi da ruwa kamar yadda na yi. Wanda ya kasa haɗiyar yawu ba zai haɗiyi ruwa ba, kuma ruwan na iya kwararawa huhu.

Mataki na uku: me ya ɓace, kuma yaushe?

Minti biyu ko uku ya isa, wani ma na iya yi yayin da ake fito da mota. Ku tambayi yaran gida, su ne suke ganin komai. Ku tambaye su da lallami, don in sun ji alamar duka za su ce ba su gani ba. Ku duba inda ya zauna. An buɗe bayan rimot? Carbin dannawa ya daina nuna lamba? Fil ɗin mayafi nawa ne a kan madubi? Ina ɗan kunne ɗaya? Ina haƙorin robarsa? Ya ci kifi, kaza, tsire, ganda, kilishi? Ya sha mangwaro, agwaluma, goruba, aduwa, ko dabino da ƙwallonsa? A Nijar, inda kuɗin ƙarfe ke yawo a hannun kowa, a ƙirga canjin da aka ajiye.

In kun sami irin abin, ku tafi da shi asibiti: ɗaya batirin, ɗaya ɗan kunnen, kwalin abin wasan. Ku riƙe lokacin ƙarshe da aka ga ya ci ko ya sha lafiya lau. Daga nan likita zai fara lissafi.

Mataki na huɗu: ku hana masu ba da shawara

Kafin a ɗauko makullin mota tsakar gida zai cika. Kowa da maganinsa, kuma kowa da kyakkyawar niyya.

Za a ce a ba shi ƙatuwar lomar tuwo ko ayaba ta tura abin. In ƙashi ne ko fil, lomar za ta ƙara soka shi cikin nama. In toshewa ce, an ɗora kaya a kan kaya, an kuma ƙara wa mai ba da maganin barci aiki. Za a ce a ɗura masa manja ko ruwan gishiri ya yi amai. Amai na iya yaga bututun, ko ya ɗago abin daga hanyar abinci ya jefa shi ta iska, a bar gini a koma yaɓe. Za a ce ruwan kanwa ko ruwan ganyen gwanda, tunda suna sa nama ya yi laushi a tukunya. Abin da ke narkar da naman sa ba ya tambaya kafin ya narkar da na mutum. Likitoci da kansu sun taɓa amfani da sinadarin gwanda, suka daina saboda yana huda bututun. Za a ce lemon kwalba mai gas. An gwada wannan a asibitocin ƙasar Holan, aka fitar da sakamako a 2023: cikin mutum 51, waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba babu bambanci. Su ma masu iya bayanin abin da suke ji ne, ba irin namu ba.

Kada a zura cokali, ko tsinke, ko yatsa. Kada a kai wa wanzami ya duba beli. Addu'a da tofi a yi su a mota, amma rubutun sha ya jira, shi ma ruwa ne.

Idan batir ne, lissafin daban ne

Ina nufin batirin nan mai kama da maɓalli, na agogo, da makullin mota, da sikelin awo, da carbin dannawa, da takalman yara masu walƙiya. Mafi hatsari shi ne mai faɗin milimita 20 wanda aka rubuta wa CR2032, don faɗinsa daidai yake da ya tsaya a hanya. Ba sai ya fashe ba. Da ya jiƙe da yawu, wutar da ke cikinsa na mayar da ruwan wurin ya zama kamar sodar yin sabulu, ya fara cin nama. Cikin awa 2 yana iya yin mummunar ƙuna. Kun tuna jijiyar da ta gitta tsakiyar ƙirji? In ƙunar ta ci ta kai gare ta, jinin da zai ɓalle ba ya jira. Batirin da ya daina kunna rimot ma yana da sauran wutar da za ta ƙona. Kuma da farko mutum na iya zama garau, yana wasa, har yana shan ruwa. Saboda haka ko zargi kawai kuke yi, ku tafi.

A nan kaɗai ake ba da wani abu ta baki. Cibiyar kula da shan guba da ke birnin Washinton na Amurka ta sa zuma cikin ƙa'idarta tun 2018: ƙaramin cokali 2, wato mililita 10, duk bayan minti 10, har sau 6. Sharuɗɗan su ne yaron ya cika shekara ɗaya, ba a wuce awa 12 da haɗiyar ba, yana iya haɗiya, ba ya amai, ba jini. Zumar na lulluɓe batirin ta rage ɓarna, ba ta cire shi. A hanya ake bayarwa, ba a tsayawa nemanta a kasuwa. Wanda da ma ƙwarewa yake yi da duk abin da ya sha, a bar zumar.

Maganaɗisu ma ko zargi kawai kuke yi, ku tafi asibiti. Ɗaya kan wuce, amma biyu ko fiye suna jan juna ta cikin hanji su huda shi. Kada ku yarda cewa ɗaya ne don an ga ɗaya ya ɓace.

Mataki na biyar: wane asibiti, da wane sauri

Ba kemis ba, ba asibitin sha-ka-tafi ba. Ana buƙatar inda ke da hoton eksire, da mai ba da maganin barci, da likitan kunne, hanci da maƙogwaro ko likitan da ke zura kyamara ta baki, abin da suke kira endoskofi. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, da manyan asibitocin tarayya, nan ne aka fi samunsu. A Kaduna akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa, wadda aikinta ya haɗa da maƙogwaro. A Nijar akwai manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram. Wanda ke nesa ya tsaya babban asibitin da ya fi kusa, ya nemi takardar turawa ba tare da an kwantar da shi ana gwajin magani ba. Tun yau, lafiya lau, ku bincika wane asibiti ne kusa da ku ke wannan aiki da dare da ranar hutu. Ranar Sallah ba ranar tambaya ba ce.

Ƙa'idar likitocin endoskofi na Turai ta 2016 ta raba abin gida biyu. Wanda ya kasa haɗiyar yawu, da abu mai tsini ko kaifi, da batir: a ciro cikin awa 2, in an daɗe awa 6. Sauran duk abin da ya tsaya a hanyar abinci, kada ya wuce awa 24, domin bayan nan naman wurin na fara lalacewa, cirowa na ƙara wuya.

Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, a kira, amma in akwai mota ko A Daidaita Sahu a ƙofar gida kada a zauna jira. A hanya ya zauna ya ɗan sunkuya gaba, da roba da tawul a cinyarsa, kada a kwantar da shi rigingine. Wanda ya fi sabawa da shi ne zai zauna kusa da shi. Ku ɗauki katin asibitinsa, da duk magungunansa a kwalayensu, da kuɗi, da abin da ke kwantar masa da hankali. Na Auta wata tsohuwar hula ce da ta sha jiki.

Mataki na shida: ku ne bakinsa a gaban likita

Yadda kuka buɗe magana a sashen gaggawa shi ke nuna inda za a ajiye ku. In kun ce «ba ya cin abinci», za a ce ku zauna a layi. Ku ce: «Muna zargin abu ya maƙale masa a hanyar abinci. Tun ƙarfe goma bai haɗiyi yawunsa ba.» In batir kuke zargi, kalmar batir ta zama ta farko.

Ku shirya jin «ai haka suke». Mu ma mun ji. Ma'aikacin da ya fara duba Auta ya haska bakinsa ya ce ciwon maƙogwaro ne, ya fara rubuta magani. Inna ta gyara mayafi ta ce, «Likita, ka yi haƙuri, ni na haife shi. Yana dalala, amma ba irin wannan ba. Jiya malmala biyu ya cinye.» Wannan maganar ce ta sa aka kira na gaba da shi. Ba faɗa ake yi ba, bambancin jiya da yau ake nunawa. In kuna da bidiyonsa a waya yana cin abinci lafiya, ku nuna. Dokar Najeriya ta kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a ba su fifiko a layi, kada kuma a nuna musu bambanci wajen kula da lafiya. Ku san da ita, ku ambata cikin ladabi in ta kama.

Za a ɗauki hoton wuya da ƙirji, sau da yawa har ciki, ta gaba da ta gefe. Ƙarfe na fitowa ɓaro-ɓaro. Batir yakan nuna zobe biyu, ɗaya cikin ɗaya, wanda ke bambanta shi da kwabo. Amma nama, da leda, da roba, da katako, da haƙorin roba marar waya, da ƙashin kifi da yawa, ba sa fitowa. Hoton Auta fes ya fito. Saboda haka in an ce «ba a ga komai ba» alhali har yanzu yana tofar da yawu, ku tambaya ko za a yi babban hoton nan na siti-sikan ko a zura kyamara. Kada ku koma gida da wanda bai haɗiyi ruwa a gaban likita ba.

Yawancin masu irin wannan lalura sai an sa su barci gaba ɗaya kafin a yi aikin. Ku gaya wa mai ba da maganin barci lokacin da ya ci abinci na ƙarshe, da duk maganin da yake sha, da ko akwai haƙori mai girgiɗi. Mai lalurar Daun a ambaci zuciyarsa, don kusan rabinsu da matsalar zuciya ake haihuwarsu, a kuma ambaci wuyansa, don wasunsu ƙasusuwan saman wuyansu ba su da ƙwari, ba a son a lanƙwasa kai baya da ƙarfi. Mai farfaɗiya kuwa ku tuna tun da abin ya faru bai sha maganinsa ba; ku faɗa da wuri a ba shi ta allura kafin ta tashi. Ku roƙi a bar ɗayanku kusa har barci ya ɗauke shi, a kuma kira ku kafin ya farka, don kada ya farka cikin baƙi ya fizge robar ƙarin ruwa.

Bayan an ciro

Likita ne zai ce yaushe za a fara ba shi ruwa, sai koko, sai abinci mai laushi. A kwanakin farko ku auna zafin jikinsa safe da yamma, ku duba wuyansa, ku duba bahayarsa. Zazzaɓi, ko sabon ƙin abinci, ko jini ko da ɗigo ne, a koma a ranar. Wanda aka ciro wa batir ana sa masa ido makonni, don jijiyar na iya ɓallewa bayan an sallame shi.

In hoto ya nuna abin ya faɗa tumbi, kuma ƙarami ne marar kaifi, ana iya cewa ku je gida. Ya ci abincinsa yadda ya saba, kada a ba shi maganin wankin ciki. Ya yi bahaya a fo ana tonawa da tsinke. Yawanci cikin kwana 4 zuwa 6 yake fita, wani har makonni. Abin da ya fi santimita 2 da rabi faɗi, ko ya kai 5 zuwa 6 tsawo, kamar cokali ko buroshin haƙori, da wuya ya wuce, cirowa ake yi.

Tambaya ɗaya kada ku bari a sallame ku ba ku yi ta ba: me ya sa ya tsaya? Nama ba kasafai yake maƙalewa a lafiyayyen bututu ba. Sau da yawa akwai tabon da ƙwannafi na shekaru ya bari, ko wani kumburi mai kama da borin jini, ko tsohuwar ƙunar soda. In ba a magance wannan ba, za ku sake dawowa.

Gyaran gida

Ma'aunin da masu kula da matsalar haɗiya ke amfani da shi a duniya ya ce yankan abinci kada ya wuce santimita 1 da rabi ga babba, kamar faɗin farcen babban yatsa, ga yaro kuma milimita 8. Ya kuma yi laushin da cokali mai yatsu zai murƙushe shi. Ganda, jijiya, kilishi da soyayyen naman da ya bushe ba sa cin wannan jarrabawa komai ƙanƙantar yanka. A dafa nama ya yi luguf, a zare ƙashin kifi da hannu a cikin haske, a cire ƙwallon dabino kafin a miƙa, musamman lokacin buɗa-baki da kowa ke gaggawa.

Cin abinci a tire ɗaya al'ada ce mai kyau, amma ga mai cusa loma gasa ce. A ware masa kwanonsa, a zuba kaɗan-kaɗan, a ba shi ƙaramin cokali. Ya zauna a miƙe, wani babba na kallonsa har ya gama, ya kuma yi rabin awa kafin ya kwanta. A duba kumatunsa, wasu suna ɓoye loma. A kai shi likitan haƙori. Haƙorin roba mai motsi a gyara ko a ajiye.

Mai cin abin da ba abinci ba a gwada jininsa, don ƙarancin sinadarin ƙarfe na daga cikin abubuwan da ke kawo wannan kwaɗayi. A naɗe murfin batirin duk wani rimot da salatif, a sa sabbin batura a akwati mai makulli, matattu kuma a fitar da su daga gida a ranar. Fil, reza, allura da safar hannu ta roba su bar kan taga. A gaya wa malaman makarantarsa da na Islamiyya, da maƙwabtan da yake shiga gidajensu.

In kun gan shi da abu a baki, kada ku yi ihu ku rugo. Abin da ya sani shi ne za a ƙwace, sai ya haɗiye. Ku matso a hankali da abin da ya fi so a hannu, ku miƙa ɗaya tafin ku ce «ba ni». Ana koyar da wannan musayar tun ba a cikin tashin hankali ba, da murfin robar da ya fi ƙarfin haɗiya, kullum sau biyu ko uku, duk lokacin da ya bayar a yaba masa. Duka yana koya masa ɓoyewa ne kawai. Auta ya ɗauki watanni kafin ya gane, kuma har yau sai da ƙuli-ƙulin da aka daka yake yarda a yi cinikin.

A bayan ƙofar ɗakin Inna akwai takarda manne: magungunansa da awoyinsu, lambar katinsa, asibitin da za a nufa, da lambobin masu mota biyu a unguwa. Ranar suya kuwa masakin nama na shiga ɗaki a kulle, rabon Auta a yanka shi da almakashi a jiƙa da romo, ni kuma in zauna kusa da shi da nawa kwanon har ya side hannu.